Faifan da Raphaël Ya Saƙa wa Motarsa

Salmanu bakanike ne ya fara ba ni labarin Raphaël, tun kafin in san fuskarsa. Ya zo rumfata a tashar Garwa sayen robar ɗaure kaya, hannunsa duk baƙin mai, yana dariya shi kaɗai. Na ce masa lafiya? Ya ce, "Baba, shekara talatin ina kwanciya a ƙarƙashin motoci, amma yau na ga direban da ya saƙa wa motarsa faifai a hanci." Sauran labarin daga bakin Raphaël na ji shi, gutsure-gutsure, a kan bencin nan nawa, wani kuma daga matarsa. Ki rubuta yadda na faɗa, Hafsa, kada ki gyara mini baki.

An haifi Raphaël a wani ƙauye da ke maƙale a jikin dutse, can bayan Kolofata, inda gonaki suke hawa-hawa kamar matakala, kowace gona faɗinta bai fi tabarma biyu ba. Kiristoci ne, manoman dawa. Ubansa ya rasu yana goye, shi ya sa ya tashi a gindin uwarsa Angèle. Ita kuwa Angèle masaƙiya ce. Faifai take yi da murfin ƙwarya, da ciyawar da take yankowa bayan dutse ta rina da kanta. Tana da zane guda wanda duk kasuwannin yankin an san nata ne. Ja a cibiya kamar ƙwayar ido, baƙi ya zagaye shi, sai rawaya ya fita tsinke-tsinke kamar rana ta leƙo ta bayan dutse, sannan a rufe baki da shuɗi. Wurin uwarta ta gaje shi.

A can ba a koya wa ɗa namiji wannan aiki. Amma yayarsa Clémentine ba ta da haƙurin zama, shi kuwa Raphaël ko an kore shi sai ya dawo ya tsuguna yana kallon yatsun uwar. Har ta gaji ta miƙa masa basilla. In ya gama faifai, sai ta karɓa ta ɗaga shi sama ta kara da rana. In ta ga haske ko da kamar kan allura ne, ba ta faɗa, ba ta duka. Basilla take sawa ta warware shi tun daga baki har cibiya, ta tara masa ciyawar a cinya. Ta ce, "In rana ta wuce ta nan, garin dawa ma zai wuce. Sake." Haka ya tashi. A wurinsa huji a saƙa abin kunya ne, kamar mutum ya fita kasuwa da yagaggen wando.

Yana da shekara sha shida ya sauko daga dutse ya bi wata babbar mota yana karen mota. A tasha ya koyi Fulatanci da Hausa, Faransanci kuma daidai na gaida jandarma. Ya yi shekara ashirin yana jan motocin mutane, ya auri Véronique, suka zauna a Garwa. Saƙa kuwa ya bar ta a kan dutse. Sai dai Véronique ta ce in yana zaune yana tunani, yatsunsa kan yi ta motsi a kan gwiwarsa, suna shiga suna fita, shi bai ma sani ba.

Daga baya Allah ya ba shi tasa motar. Tsohuwa ce, fara, ta bi hannu uku kafin ta zo nasa. Injinta lafiya lau, amma ragar nan ta gaba, wadda makanikai ke ce wa kalandir, ta kakkarye, haƙori biyu kawai ya rage mata. Yana ɗaukar fasinja daga Garwa zuwa Marwa, ya kwana, ya dawo.

A wannan lokacin ne zama ya gagara a ƙauyukan bakin iyaka, mutanen dutse suka yi ta saukowa. Clémentine tana aure a Figil, mijinta yana aikin fasa farin dutse, sai ta ɗauko uwar ta kawo ta gidanta, dab da bakin titi. To, Angèle ta bar dutsenta, ta bar ciyawarta, ga kuma yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba ta makance ba. Ta ce tana ganin duniya kamar zanen da aka nutsa a cikin ruwa, launi yana nan amma ba fuska. Saƙa ta tsaya. Abu ɗaya ya rage mata: an gaya mata ɗanta yana wucewa ta wannan titi. Sai kullum in hantsi ya yi ta ja kujerarta zuwa gindin wata bishiyar maina, ta zauna tana jiran farar mota.

Matsalar ita ce a Figil kowace mota fara ce. Manyan motocin da ke ɗaukar dutse zuwa wurin yin siminti suna tayar da wata farar ƙura mai laushi kamar garin tuwo, ta rufe ganye, ta rufe rufin kwano, ta rufe duk motar da ta shigo garin. Angèle ba ta son ɗanta ya wuce ba ta gaishe shi ba, sai ta riƙa ɗaga wa kowace ƙaramar mota hannu. Raphaël in ya samu dama yakan tsaya, ya ajiye mata ƙosai ko busasshen kifin Binuwai. In fasinja na sauri, sai ya danna mata hon sau uku. Amma a wurin titin ya yi lanƙwasa, kowa na danna hon.

"Dada, ki daina wahalar da hannunki," in ji shi. "In ni ne zan tsaya."

"Ranar da ba ka tsaya ba fa?" in ji ta. "Mota arba'in nake gaisarwa a wuni don kada taka ta wuce a banza. Hannuna ne, ba naka ba."

Wata rana wani direba ya ga hannu a sama, ya ɗauka fasinja ce, ya taka birki ya dawo da baya. Da ya gane ba inda za ta, sai ya leƙo ya ce, "Tsohuwa, in kanki ba daidai ba ne, su ɗaure ki a gida mana." Mutanen cikin motar suka yi dariya. Angèle ta miƙe. Ta ɗauki kujerarta ta shiga ɗaki, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Da Raphaël ya biyo, sai ya ga gindin maina ba kowa. Clémentine ta fito ta tare shi a ƙofar gida. Ta ce, "Kwana tara ke nan. Tuwo yadda na shigar da shi haka nake fito da shi. Rafa, titin nan ne ke riƙe da ita. In ba ta koma gindin bishiyar nan ba, ba za ta kai girbi ba."

Tun daga ranar ba abin da ke ransa sai yadda zai yi wa motarsa fuskar da uwarsa za ta gane daga nesa. Sabuwar raga ta fi ƙarfinsa, kuma ko ya saya, irin ta kowa ce. Ya fara da fenti. Ya sayi ɗan gwangwanin ja ya shafe haƙoran biyu da ƙarfen da ke kewaye da su. Kafin sati biyu direbobi uku sun gani sun yi sha'awa, su ma sun shafa ja. Ya sayo takardar nan mai walƙiya da ake mannawa, zafin Garwa ya ɗaye ta a kwana huɗu, ta riƙa lilo kamar fatar maciji. Ya tara murafen kwalaben lemo ya huda su ya jera a waya. Véronique ta ji shi tun daga bakin layi, ta fito tana riƙe da ciki don dariya. Ta ce, "Maigida, na ɗauka akuyar maƙwabta ce ta tsinke da ƙararrawarta." Ya cire su.

Wata ranar Asabar da yamma ya sauke fasinja kusa da gadar Binuwai, sai ya ga wani mutum a inuwa yana saƙa kujerun ƙarfe da igiyar roba mai launi-launi. Ya tsaya yana kallo. Kogi na gudu a hankali, masu wanki sun shanya zannuwa a kan yashi, iska na ɗaga su tana ajiyewa. Ya ce shi dai bai san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Da ya farga, sai ya ga yatsunsa suna aiki a jikin wandonsa. Mai kujerun yana da tarin guntaye da yake zubarwa, ya ce masa ya kwashi abin da yake so. Ya tsinci ja, da baƙi, da rawaya. Shuɗi ne babu.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ya kwance ragar, ƙusoshi huɗu ne kawai ke riƙe da ita. Ya ƙarasa karya haƙoran biyu, ya wanke ƙarfen da sabulu, ya goge shi da samfefa, ya shafa masa baƙin fenti ya bar shi a rana. Ya samo ragar waya irin ta akurkin kaji, ya yanke ta daidai bakin, ya ɗaure da siririyar waya. Sannan ya tsaga robar siri-siri da reza, ya zauna a kan turmi, ya fara daga cibiya. Sama da shekara ashirin bai taɓa saƙa ba, amma hannun bai tambaye shi komai ba. Ja ya fito, baƙi ya zagaye, rawaya ya bazu har kusa da fitilu. Lahadi uku ya yi yana wannan aiki. Da ya gama ya miƙe a tsakar gida, ya ɗaga ragar da hannu biyu ya kara ta da rana. Ko ɗigon haske babu. Véronique ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar aurensu.

Litinin da safe ya loda fasinja shida ya kama hanyar Marwa. Mutanen tasha suka kewaye motar suna shafawa. Ya wuce Pitowa da kaɗan sai allurar zafi ta fara hawa. Ya ce ƙarya take. Ta ci gaba da hawa. Can sai tururi ya taso ta gefen bonet, motar ta yi tari biyu ta tsaya a gindin wata tsamiya. Fasinja suka sauka suna gunaguni suka tari wata motar. Shi kuwa ya kira Salmanu a waya.

Salmanu ya iso a kan babur, ya buɗe bonet, ya duba ruwa, ya duba fanka, ya duba bel. Komai daidai. Ya zagayo gaba ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Ɗan dutse, wannan fa?"

"Ado ne, Malam Salmanu."

"Na ga ado. Wa ya saƙa?"

"Ni."

Salmanu ya tsuguna ya sa baki a jikin saƙar ya hura da ƙarfi, har kumatunsa suka cika. Ya miƙe. Ya ce, "Zo nan." Raphaël ya matso. Sai Salmanu ya sa tafin hannunsa mai baƙin mai ya rufe masa hanci da baki. Raphaël ya ture hannun.

"To ka gani," in ji Salmanu. "Kai ko ƙirga goma ba ka yi ba. Ita ka toshe ta tun daga Garwa, ka ce ta yi gudu da mutum bakwai. Ta nan lagireto ke shan iska. Ramukan nan da ka ga Bature ya bari, ba don ƙarfe ya ƙare masa ba ne."

"Saƙa mai huji ba saƙa ba ce."

"To sai ka zuba mata garin dawa ka yi bakace. Miƙo mini wuƙa in huhhuda."

Raphaël ya tsaya tsakaninsa da motar. Ya kwance ragar da kansa ya sa ta a kujerar baya kamar fasinja, suka dawo Garwa da mota ba hanci. Daga nan ne Salmanu ya biyo ta rumfata yana dariya.

Kwana biyar ragar tana jingine a ɗaki. Ya rasa yadda zai yi. In ya bar ta a toshe, motar ba za ta kai Figil ba. In ya buɗe ta, zai kai wa uwarsa aikin da tun yana ɗan shekara bakwai take warware masa. Wata rana da azahar yana jiran layinsa a tasha, barci ya ɗauke shi a kujerar direba. Ya ga kansa a kan dutsensu, dawa ta yi kai, uwarsa tana tsaye a kan wani falalen dutse da ƙuruciyarta. Ta ɗaga faifai sama, faifan ya yi ta girma har ya rufe rana, gari ya yi duhu, tsuntsaye suka yi shiru, shi kuma numfashinsa ya riƙa yin sama-sama. Ya farka jiƙe da gumi, ashe gilasan motar ne duk a rufe.

Da ya koma gida ya tarar da Véronique tana tankaɗe. Ya zauna yana kallon gari yana sauka ta rariya, laushi-laushi, yana taruwa a ƙwarya. Ya ba ta labarin mafarkin. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni dai rariyar nan shekara goma ina aiki da ita, ban taɓa jin ta ba ni kunya don tana da huji ba. Ka tashi ka yi abin da Salmanu ya ce, Dada tana can ba ta cin abinci."

Ya ɗauko basilla ya warware saƙar da hannunsa, tun daga baki har cibiya, ya tara robar a cinya. Ya sake farawa, yana saƙa gida ɗaya yana tsallake biyu. Amma hannun ya ƙi. Da zarar hankalinsa ya tafi wani wuri, sai ya duba ya ga yatsun sun matse sun rufe ramin. Sai ya yanko guntayen karan dawa, ya riƙa cusa su a duk inda yake son rami, yana saƙa yana kewaye su. Da ya gama ya zare karan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga ragar ya kara da rana, haske ya zubo masa a fuska ɗigo-ɗigo kamar inuwar ganyen tsamiya. Ya ce sai da ya rufe ido. Amma da ya jingina ta da bango ya ja da baya taku ashirin, zanen yana nan sarai, ja da baƙi da rawaya.

Salmanu ya ɗaura ta, ya tayar da inji, ya tsinko ganyen mangwaro ya kai kusa da saƙar. Iskar fanka ta ja ganyen ya manne. Ya ce, "Tana numfashi. Je ka, masaƙi."

Raphaël ya aika wa Clémentine cewa ranar Alhamis, in rana ta take, ta fito da Dada gindin maina, ko da sau ɗaya ne, ko da ɗaukarta za a yi. Ranar kuwa, saura kaɗan ya shiga Figil sai ya tsaya a wani famfo, ya jiƙa tsumma ya goge fuskar motar tsaf. Fasinja suka ce, "Direba, zance za ka ne?" Ya ce e.

Angèle tana zaune, ta rame, hannuwanta a cinya. Motoci suna wucewa farare, ba ta motsa ba. Zafi ya sa titi yana rawa kamar ruwa. Can sai ta ga wani abu ya ɓullo daga cikin ruwan nan, ja a tsakiya. Baƙi ya zagaye shi. Rawaya ya bazu gefe da gefe. Daga baya ta gaya wa Clémentine cewa ita ta ɗauka mutuwa ce, ta ɗauka uwarta ce ta taho ɗaukarta, riƙe da faifai a ƙirji. Ta ce ba ta ji tsoro ba, sai dai ta yi mamakin yadda tsohuwar ke sauri haka. Ta miƙe ba tare da an kama ta ba, ta ɗaga hannu.

Motar ta tsaya a gabanta, inji na aiki. Raphaël ya fito ya durƙusa ya gaishe ta. Ta wuce shi ta sunkuya a gaban motar, ta sa yatsu a cibiya ta fara bi, zagaye bayan zagaye. Sai ɗan yatsanta ya faɗa rami. Ta zaro shi ta sa a na gaba, shi ma ya shige.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Dada."

"Na san kai ne. So nake in ji ko kana da bakin faɗa."

Raphaël bai yi gardama ba. Ya kama gefen mayafinta ya kai kusa da saƙar. Iska ta ja shi ya manne. Ta janye, ya sake mannewa. Ta buɗe tafin hannunta ta ɗora, ta daɗe tana jin iskar tana bi ta tsakanin yatsunta tana shiga ciki.

"Ashe mai rai ce," in ji ta.

"In na toshe sai ta suma, Dada. Na gwada."

"To bar mata." Yatsunta suka ci gaba har suka kai gefe, suka tsaya. "Ina shuɗi? Ka bar baki a sake kamar aikin marar uwa."

"Ban samu ba."

"Nemo. Ni zan rufe da kaina, yatsuna ba su makance ba. In na rufe wannan na gama aikina ke nan, sai in kwanta in huta." Ta juya ta ce, "Clémentine, akwai sauran tuwon nan?"

Tun daga ranar ta koma gindin maina, kuma mota ɗaya kawai take ɗaga wa hannu. Raphaël kuwa ya ci gaba da tuƙi zuwa Marwa, maganar nan tata ta cewa za ta kwanta ta huta tana zaune a ransa. Washegari ya shiga unguwar Domayo a can Marwa, ya samu wani mai saƙa kujeru yana da shuɗi, irin shuɗin sama bayan ruwa ya ɗauke. Mutumin ya yanko masa ƙulli guda. Raphaël ya sa shi a ƙarƙashin kujerarsa. Da ya iso Figil ta ɗaga hannu, ya tsaya.

"Ka samo?"

Ya dubi hannun nan nata da ya fara cikowa. Ya ce, "Babu, Dada. Sun ce sai wata mai zuwa."

A ranar ne ya fara zuwa rumfata. Ya gaishe ni, ya ajiye ƙullin a kan benci ya ce, "Baba, kai ne mai igiyoyi, a cikin kayanka ba wanda zai lura da shi. Ajiye mini. In yana motar, wata rana hannuna zai miƙa mata." Na rataye shi a ƙusa bayan robobin ɗaure kaya.

Shekara uku aka yi haka. Duk wucewa sai ta tambaya, duk tambaya sai ya kawo dalili. Yau shuɗin yana Yawunde yana jiran jirgin ƙasa. Gobe ya iso Ngaundere amma ruwa ya cinye hanya. Wata rana ya ce mata an samu, sai dai ya yi duhu, bai kai na Dada kyau ba. Tana zaginsa, tana cin ƙosan da ya kawo. Clémentine ta ce in motar ta tafi, tsohuwar takan yi dariya ƙasa-ƙasa ta ce, "Maƙaryaci. Haka ubansa yake." Ni dai a ganina ta sani tun watan farko.

Direbobi suka riƙa kawo masa ragoginsu ranar Lahadi. Ya saƙa wa wannan kore da fari, ya saƙa wa wancan zanen ƙashin kifi, kowanne da ramukansa, ana zare karan dawa ana dariya. Amma ja a cibiya da baƙi da rawaya bai taɓa yi wa kowa ba, ko an roƙe shi. Kuma har ya bar duniya bai taɓa shiga Figil ba tare da ya tsaya a famfon nan ya goge wa motar fuska ba.

Ƙarshen daminar bara, wata Litinin, ya zo ya zauna a bencina. Ya ce, "Baba, jiya na ga hannunta yana rawa da ta ɗaga. In na ƙara jira, ranar da zan kai mata ba za ta iya riƙe basilla ba. Sai ya zama na cuce ta. Alhamis da safe zan zo in karɓa." Na ce Allah ya kai mu. Talata zazzaɓi ya kama shi. Asabar aka binne shi.

Yanzu Patrice, ƙanen Véronique, shi ke jan motar. An gaya wa Angèle, ta yi makokinta, sannan ta sake jan kujerarta zuwa gindin maina. Ta san ba ɗanta ne a ciki ba, amma in jan nan ya ɓullo tana ɗaga hannu, Patrice kuma yana tsayawa. Watanni ba ta tambaye shi komai ba. Sai kwanan nan ta riƙe ƙofar motar ta ce masa, "Ka gaya wa mutumin da Rafa ya ba ajiya, ko wane ne shi, bakin saƙar nan ya fara zarewa ta hagu. Na ji da hannuna."

Patrice ya yi ta tambaya a tasha har Salmanu ya nuno masa rumfata. Ya ce in ba shi ya kai. Na ce a'a, ajiyar da aka ba ni hannu da hannu, ni zan kai ta da ƙafata, in zauna a kujerar gaba in ga wannan ɗaga hannun da idona. Motar tana lodi da safe, duk Alhamis. Shuɗin yana nan a ƙusa, na kaɗe masa ƙura, bai koɗe ba ko kaɗan. Alhamis uku ke nan ina sauko da shi, in riƙe shi har motar ta cika, in mayar.